Kafin Ka Ce Haraji Bauta Ne

Small Heath, Birmingham

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya kai ka Manchester lafiya, ya sa ka shiga ɗakin nan na Hulme da ƙafar dama, ya haɗa ka da maƙwabtan kirki, ya tsare ka daga sharrin hanya, da sharrin mutane, da sharrin bakinka. Na ƙarshen nan shi ne dalilin wannan takarda.

Na san za ka yi mamakin tsintar wasiƙa a jakarka, alhali bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naka. Na gwada in faɗa maka da baki jiya bayan la'asar, ka dai ga yadda na ɓige da tambayarka ko ka sayi bargo. Da gangan kuma na rubuta da Hausa. Na san a hankali kake karanta ta, ni kuwa haka nake so.

Shekaranjiya mahaifiyarka ta tsinci wasu takardu huɗu a bakin printer, ta ɗauka nawa ne, ta ajiye mini a kan tebur. Ashe jawabinka ne na muhawarar da ɗaliban Nijeriya za su yi a jami'a ranar Asabar, inda za ka tsaya ka kare cewa haraji bautar zamani ce. Shafin farko da murmushi na karanta shi, don Turancinka ya fi nawa. Da na kai shafi na biyu na ga kalmar murgu, ka ja mata layi, ka yi bayaninta daidai yadda nake yi maka tun kana ƙarami, sai na ajiye takardun. Na tambayi mahaifiyarka wa zai yi alƙalancin muhawarar. Ta ce wani dattijon likita ne, Dakta Haruna. Sai ta sunkuyar da kai, ta ƙara da cewa 'yarsa Asiya ita ce yarinyar da kake waya da ita tun bara, wadda kake so a je a nema maka.

Abba, na zauna a kujerar nan har shayina ya huce ban sani ba. Wata takwas ke nan uwarka ta san sunan uban yarinyar tana ɓoye mini, don ta san abin da ke tsakanina da shi. Kai kaɗai ne ba ka sani ba. Ga shi kana shirin tsayawa a gabansa, a bainar jama'a, ka maimaita maganar da ta raba ni da shi shekara goma sha tara. In ka faɗe ta, ka rasa yarinyar nan, kuma ba za ka ma san abin da ka yi ba.

Bari in ɗauko maka daga tushe.

A gidanmu na Zariya, kowace salla, ƙarama da babba, akwai mutanen da ke zuwa daga wani ƙauye da muke kira rinji. Sukan zo da damman dawa da kaji, wani lokaci har da ƙwaryar man shanu. Babbansu wani dogon tsoho ne mai ɗingishi, ana ce masa Baba Nagode. Tun daga bakin layi yake tuɓe takalmi. Ya zo ya durƙusa a ƙofar zaure, ba ya shiga sai an ce ya shigo, in ya shiga kuma ba ya hawa tabarma. Ya girmi mahaifina, wanda ka ci sunansa, nesa ba kusa ba, amma shi ke durƙusawa. Wata salla na tambayi kakata su wane ne waɗannan. Ta ce, “Mutanenmu ne.” Na ɗauka dangi take nufi, irin na ƙauye da ba su waye ba. Na ci kajinsu shekara da shekaru ban sake tambaya ba.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma ban yafe wa kaina shi don yarinta ba, domin na girma na yi gemu da wannan amsar a kaina. Idan ka ga tsoho yana durƙusa wa wanda ya haifa a shekaru, aka ba ka amsa da kalma biyu, to ka sake tambaya. A gidan mutane za ka iya kawar da kai. A gidanku ba ka da wannan uzurin.

Kalmar murgu kuwa a jami'a na koye ta, a ajin tarihi. Bawa ne ubangidansa zai sake shi ya je ya yi dako ko rini ko noman kansa, amma duk lokacin da aka yanka masa sai ya kawo wani abu ya miƙa, in ya so ya ci abin da ya rage. Na rubuta wannan a jarrabawa na ci maki mai kyau. Tsakanin ajin da na rubuta shi da zauren gidanmu bai fi tafiyar rabin sa'a a keke ba, amma ko sau ɗaya ban haɗa su a raina ba.

Da na zo ƙasar nan karatun akanta, sai na zama gwanin tarihin bauta, amma ta Turawa. Na karanta yadda maƙeran garin nan na Birmingham suka ƙera bindigogin da aka kai gaɓar tekunmu aka musanya da mutane. Na karanta yadda masaƙun Manchester, inda za ka kwana gobe, suka yi arziki da audugar da bayi suka tsinka. Na karanta dogon rikicin da suka yi a majalisarsu, masu bayi suna cewa dukiyarsu ce, da halaliyarsu suka saya, gwamnati ba ta da hurumin taɓawa. Na san yadda aka ƙare: masu bayin aka biya diyya daga kuɗin jama'a, bayin kuwa aka ce su gode. Duk wannan yana bakina. A ofis in ana cin abincin rana, Bature ya kuskura ya yi mini maganar cin hanci a Nijeriya, sai in zazzage masa tarihin kakanninsa har kunnensa ya yi ja. Ina jin daɗin haka ƙwarai. Ilimi na gaske na samu, Abba, gwamnati ta kashe mini kuɗi, malamai na kirki sun koyar da ni, amma abin da na yi da shi ke nan: na mai da shi bulalar dukan wasu. In karatunka bai taɓa sa ka jin kunyar kanka ba, sai ta wasu, ka binciki karatun.

A masallacin unguwar nan na haɗu da Haruna. Lokacin yana ƙaramin likita, siriri, ba ya son hayaniya. Na ji Hausarsa na ce, “Kai Bazazzagi ne.” Ya ce eh, amma shi ɗan ƙauye ne, can bayan gari. Ni kuwa na faɗa masa sunan gidanmu da na kakana, ina wani ɗaga kafaɗa. Ya dube ni ya ce, “Na san gidan.” Na ɗauka yabo ne. Wa bai san gidanmu ba?

Shekara goma sha ɗaya muka yi tare. Shi ya tuƙa mahaifiyarka zuwa asibiti ranar da za ta haife ka, ina wurin aiki a wani gari. Shi ya nemo ragon sunanka a wata gona a wajen gari, ya tsaya aka yanka. Duk Lahadi ko mu ci tuwo a flat ɗinsu ko su ci a namu. Na san lambar takalminsa, na san ba ya cin kuɓewa. Amma sunan ƙauyensu ban taɓa tambaya ba. Da ya ce ƙauye sai na ji ya ishe ni, don a ganina duk ƙauye ɗaya ne. Ni kuwa na cika masa kunne da labarin dawakin kakana da gonakinsa. Yana ji, yana murmushi, yana miƙo mini miya. Ka riƙe wannan: abokin da kullum kai ke ba shi labarin gidanku, shi bai taɓa ba ka na nasu ba, ba shi ne marar labari ba. Kai ne ba ka bar masa wuri ba.

Kana da shekara shida abin ya faru. Taron babbar salla ne, mun kama wani zaure a unguwar Aston, mata da yara a gefe guda, mu maza a gefe. A shekarar ana ta gardama a rediyo da jaridu kan ƙarin haraji saboda asibitoci. Ni kuwa lokacin ina ganiyata, na buɗe ofis nawa na kaina, kuɗi na shigowa, abin da ake yanka yana ci mini rai. Na fara ƙorafi tun kafin a zuba abinci. Wani abokinmu, Injiniya Bala, mai son tsokana, ya ce, “Akanta, kai da ke ƙirga wa gwamnati kuɗin mutane, yau an taɓa naka ka ji zafi?”

Aka kwashe da dariya. Ni kuwa na miƙe, farantin shinkafa a hannuna, na ce, “Ku yi ta dariya, bayin Ingila. Kun san murgu? Bawa ya fita ya yi gumi, ya dawo ya miƙa wa ubangidansa. Ku duba takardar albashinku ku faɗa mini bambancinku da shi. Dukiyata ce, da gumina na same ta, wane ne zai sa mini hannu a ciki?”

Bala ya ce, “Allah ya ja zamanin shugaban bayi!” Aka sake dariya, wasu har da tafi. Tafin nan ne ya kai ni ya baro. Na ce, “Wallahi bayin da ma sun fi mu hutawa. Ubangidansu ya ciyar da su, ya tufatar da su, ya yi musu aure. A gidanmu da aka ce Turawa sun hana bauta, bayinmu kuka suka yi, suka ce ba inda za su.”

Haruna yana zaune daura da ni. Ya ajiye cokalinsa a hankali, ya ce, “Garba, wa ya gaya maka sun yi kuka?”

Na ce, “Kakata.”

Ya ce, “To ni kakana wani abu daban ya gaya mini. Ka tuna wani tsoho mai ɗingishi da ke kawo muku dawa da salla?”

Na ce, “Baba Nagode? Allah ya jiƙansa, mutumin kirki. A ina ka san shi?”

Ya ce, “Ba sunansa ke nan ba. Kakanka ne ya raɗa masa shi ranar da ya saye shi, irin sunan da ake sa wa wanda aka saya. Sunan da uwarsa ta sa masa sau ɗaya ya taɓa faɗa mana, da wani yare da ba ma ji. Shi ya haifi ubana.”

Ana jin kukan yara daga ɓangaren mata kamar daga wani gari. Ni dai ina tsaye da faranti, na rasa inda zan ajiye shi.

Bai ɗaga murya ba, da ma ba ya ɗagawa. Ya ce, “Ɗingishin nan da ka sani ba da shi aka haife shi ba. Da ya ji labarin an hana bauta sai ya gudu. Kakanka ya sa aka kamo shi, aka sa masa mari a ƙafa har ƙarfen ya ci nama. Daga baya aka sake shi ya yi dako a kasuwa yana kawo murgu. Yana da ƙanwa da aka kamo su tare, an sayar da ita tun suna yara, ya mutu yana tambayar fatake ko sun gan ta. Kai in harajin Ingila ya ishe ka, fasfo biyu ne a aljihunka, filin jirgi ga shi nan bayan gari. In ba ka son tafiya, ka jira zaɓe ka kayar da su. In ka kwanta ciwo ka zo wurina, da kuɗin nan za a duba ka. Ɗanka kuma ba mai zuwa ya ɗauke shi ya kai kasuwa. Faɗa mini wanne daga cikin waɗannan kakana ya samu.”

Bala ya ce, “Dakta, a yi haƙuri, salla ce.”

Ya ce, “Saura kaɗan, Injiniya.” Ya juyo gare ni. “Da aka kai maganar gudunsa gaban alƙali, ka san abin da kakanka ya ce? Ya ce dukiyarsa ce, da guminsa ya same ta, ba wanda zai sa masa hannu a ciki. Kakana ya sha maimaita mana wannan. Yau ga shi na ji ta a bakinka, ko kalma ɗaya ba ka sauya ba. A gardamar nan, Garba, kana ganin kamar a layin bayi kake tsaye. Duba da kyau.”

Ni da na haddace maganar masu bayi na majalisar Turawa, ina zaginsu da ita, ban taɓa jin cewa ita ce nake yi duk ƙarshen wata ba. Ban ce duk mai ƙin haraji mai bayi ne ba. Amma in har dole sai an ɗauko waccan tsohuwar gardama an ɗora a kan wannan, to mai cewa “kada a taɓa mini dukiya” ya san wanda ya riga shi faɗa.

Yanzu ga mafi munin abin da na yi, kuma ban taɓa faɗa wa kowa da bakina ba, ko da yake mutum arba'in sun ji. Ina so in gyara, sai na ce, “Haba Haruna, ai mu ba mu taɓa ɗaukarku bayi ba. Ku mutanenmu ne.”

Ya dube ni, ya yi wani ɗan murmushi, ya ce, “Na sani.” Ya ɗauki hularsa, ya aika a kira matarsa, suka fita. Asiya tana 'yar shekara huɗu, a kafaɗarsa ta fita.

Idan ka taka mutum ya nuna maka inda ka taka, ka rufe bakinka. Maganar da za ta fara zuwa maka a lokacin ba don shi take zuwa ba, don ka wanke kanka ne, kuma ita ce za ta fi ta farko ciwo.

Washegari na buga wa yayana Sule waya a Zariya, ina fatan ya ce ƙarya ne. Ya ce, “To sai me? Ai kowa ya yi. Har a rabon gado an raba su, Baba ya samu gida uku. Kai wai a Ingila ba ku da aikin yi ne?” Na ajiye wayar.

Ka ga a nan ya kamata in taka in je gidan Haruna, tafiyar minti goma ce a bas. Ban je ba. Na yi irin tamu ta manya: na sayi shadda mai tsada da turare, na ba Bala ya kai masa, ya ce ina ba shi haƙuri in ransa ya ɓaci. Ka lura da kalmar, in ransa ya ɓaci. Bala ya dawo da kayan a ledarsu, ya ce, “Ya ce a gaishe ka, amma ba kaya yake jira ba.” Maimakon in gane, sai na hau dokin zuciya. Na ce ni za a mayar wa kyauta? Ni na sa wa kakansa marin? Bayan wata shida ya samu aiki a Manchester suka tashi. Mahaifiyarka ta je ta taya su ɗaure kaya, ni na ce ina da aiki. Sai daga baya na gane abin da na yi: ɗan gidan da aka saba kai wa kaya a durƙushe, shi ne ya aika ɗan saƙo da kaya, yana zaune a kujerarsa yana jiran a ce an gode. In ka yi wa mutum laifi, ƙafarka za ta je, bakinka kuma ya ambaci laifin da sunansa. Ɗan aike na neman aure ne da sayen gida.

Za ka tambaye ni, to in haka ne, me ya sa ka tashi kana jin murgu a bakina duk lokacin da takardar harajin council ta zo? Wannan tambayar ita ta hana ni cin abinci kwana biyu. Amsar ba ta da daɗi. Na ci gaba da faɗa ne saboda in na daina, na yarda ke nan Haruna ya yi gaskiya. A waje na daina, don duk wanda ya halarci taron nan ya sani. Sai na dawo da ita cikin gida, inda ba mai mayar mini da martani, na yi ta zuba ta a kunnen yaro. Kai kuma ka ɗauka hikimar ubanka ce, ka adana ta, ka sa mata Turanci mai kyau, za ka kai ta gaban mutumin da ya fi kowa sanin inda ka samo ta. Ban taɓa jin tsoron kaina irin na shekaranjiya ba.

Kada ka ɗauka tsufa ya sa na koma son haraji. Ban so shi ba, ba kuma zan so shi ba. Ina yaro na ga an ɗaure magidanci a rana a ƙofar dagaci saboda haraji, matansa suna kallo. Na san inda harajin gida yake shiga, na yi makaranta da wasu daga cikin masu aljihun. A nan ma na ga yadda mai tasi ke biya har kwabon ƙarshe, mai manyan gine-gine kuwa ya ɗauki irina ya nuna masa ƙofar baya. Ni kaina na nuna, kafin ofishin ya rushe in koma cika wa masu shaguna fom a teburin cin abinci. An yi mini aikin zuciya ba a karɓi ko sisi ba, na fito ina ci gaba da tsaki. Haka nake, ban gyaru ba. Saboda haka in kana ganin harajin ya yi yawa, ka faɗa. Ka ce zalunci ne, ka ce ana ɓarna da shi, ka ce talaka ya fi mai kuɗi jin jiki, ka kawo hujja ka kayar da abokan gardamarka. Amma kada ka ari ciwon wani ka ɗaura a kan ƙaiƙayinka. Mu musamman, 'yan gidan nan, ba mu da bakin faɗin wannan kalma.

Mahaifiyarka ta ce da ta yi maka zancen ka sassauta, ka ce mata, “Mama, it's just a debate.” Ni ma a wurina hira ce kawai ta bayan cin shinkafa.

Ga abin da nake so ka yi, ba umarni ba ne, don na zubar da girman ba da umarni a wannan magana. Kafin Asabar ka je gidan Dakta Haruna da ƙafarka. Kada ka yi waya, kada ka bi ta wurin Asiya. Na ji ka taɓa zuwa sau biyu, ya karɓe ka, ya tambayi lafiyar mahaifiyarka, bai tambayi tawa ba. To ka sani ya san ko kai wane ne tun ranar farko, shi ya riƙe ka a hannu ranar suna. Shirunsa na san shi, shekara goma sha ɗaya na zauna a cikinsa ban ji komai ba. Ka gaishe shi yadda ake gaida uba. Ka ce masa kai ɗan Garba ne, kuma sai yanzu ka san labarin rinji. Ka nuna masa jawabin yadda yake, kada ka goge komai, ka gaya masa a bakin wa ka ji, ka ce ba za ka karanta shi ba. Daga nan ka yi shiru. In ya yi magana ka saurara har ya gama, ko da ta yi ɗaci. In bai yi ba, kada ka cika wurin da surutu irin nawa. Masu shirya muhawarar kuma ka gaya musu tun da wuri su sauya maka ɓangare ko su nemi wani. Za su ce ka ba su kunya. Ƙaramar kunya ce.

Sannan ka tambaye shi ko zai yarda in zo. Ba zancen aure ba, wannan daban ne, kuma ba na so ya zaci saboda kai na tuna da shi, ko da yake gaskiyar ita ce sai da abin ya zo kanka na motsa. Motar coach zan hau in zo ni kaɗai, hannu wofi. Duk amsar da ya bayar ka kawo mini ita yadda ya faɗa, kada ka gyara don ka tausaya mini.

Akwai abu ɗaya da ya rage. In Allah ya sa maganarku ta yi nisa, za a buga waya daga Zariya. Baffanka Sule zai ce, “Garba, an bincika asalinsu kuwa?” Haka muke yi, kafin a kai goro sai an tona kakannin yarinya, kuma na san kalmar da zai faɗa in ya ji sunan ƙauyen. Wannan ka bar ni da shi, ni zan amsa masa, ko da zai zama ƙarshen gaisuwarmu. Abin da nake so ka gane shi ne, a auren nan ba mu ne masu bincike ba. Su ne. Kuma ba sai sun aika kowa Zariya ba, sun san asalinmu fiye da yadda muka san shi. A gidansu an samu mutumin da aka sa wa ƙarfe ya ci gaba da neman ƙanwarsa har ya mutu. A gidanmu an samu wanda ya sa ƙarfen, da jikan da ya tsaya a taron salla ya ce an yi kukan rabuwa da shi. In Haruna ya auna wannan ya ga ba zai iya haɗa jininsa da namu ba, yana da gaskiya, kuma ba ka da abin cewa. Kada ka riƙe shi a zuci, kada ka riƙe yarinyar. Ni za ka riƙe. Na fi so ka yi fushi da ni kana sane, da ka ci gaba da girmama ni a kan abin da ba ka sani ba.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa ka sauka lafiya. Allah ya ba ka sa'ar karatu, ya ba ka kunnen da ubanka bai samu ba. Allah ya tausasa zuciyar wanda za ka je wurinsa, in kuma bai tausasa ba, ya ba ka ƙarfin ɗauka. Allah ya jiƙan tsohon nan da ban san sunansa na gaskiya ba, ya haɗa shi da ƙanwarsa a inda ba a raba mutane. Mahaifiyarka tana sa maka albarka, ni ma haka, in tawa tana da sauran amfani.

Wassalam.

Mahaifinka,
Garba